Kwana shida a Stockholm, garin da rana ke ƙin faɗuwa

Kafin in bar Kano sai da na je Wapa na canjo Yuro, na ƙunshe su a leda na cusa a aljihun ciki. Daga nan na wuce Ƙofar Wambai na sayi wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo, irin wadda in ka saka sai ka koma kamar buhun gawayi. A raina na gama shiri. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Uppsala ne ya tarbe ni a filin jirgin Arlanda. Ya dubi rigar, ya dubi aljihun da nake ta dafewa, ya ce, "Kawu, Yuni fa ake ciki. Kuma nan ba a cin Yuro, Krona ne kuɗinsu." Ashe Suwidin, ƙasar da Stockholm ke babban birninta, ta shiga Tarayyar Turai tun 1995, amma a 2003 mutanenta suka kaɗa ƙuri'a suka ce a bar musu kuɗinsu.

Na ce ba komai, na sake canji, aka zaftare min abin da aka zaftare. Da muka isa cikin gari na ja shi wani shagon shayi don in nuna masa kawu kawu ne. Na miƙa sabuwar takardar Krona, yarinyar ta yi murmushi ta nuna min wani ɗan allo: sai da kati. Ga kuɗi a hannu, ga yunwa a ciki, yaron da na zo yi wa gata shi ya biya da wayarsa. Haka abin ya ci gaba. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi, shaguna da yawa ba sa karɓa, har banɗakin haya da kati ake buɗe shi. Duk mai niyyar zuwa ya fara tabbatar da katinsa na banki yana aiki a waje, kafin ya yi tunanin takalmi ko hula.

Amma abin da ya fi ɗaure min kai rana ce. Na sha jin labarin, sai dai ji ba gani ba ne. Ƙarfe tara na dare gari tarwai, yara na wasa a fili, cikina na cewa lokacin tuwo ya wuce, idona na cewa la'asar ce sakaliya. Sai wajen ƙarfe goma take faɗuwa, kuma faɗuwar ta je-ka-na-yi-ka ce, don jan nan na gefen sama ba ya gushewa. Kafin ƙarfe huɗu na asuba ta sake fitowa. A daren farko na zauna ina jiran shafaƙi ya ɓace in yi isha'i, har barci ya sace ni a kan kujera, na farka na tarar da hantsi a ɗaki, agogo na nuna biyar saura. Asuba ta tafi, isha'i ta tafi.

Washegari na nufi babban masallacinsu da ke unguwar Södermalm, kusa da dandalin Medborgarplatsen. Tsohuwar tashar wutar lantarki ce aka mayar masallaci, aka buɗe a shekarar 2000. Wani dattijo Basomale da muka yi sahu ɗaya ya saurari kukana ya yi dariya. Ya ce, "Ɗan'uwa, a nan ba a kallon sama, takarda ake kallo." Ya nuna min jadawalin sallah, ya ce a irin waɗannan watanni wasu ma haɗa magariba da isha'i suke yi. Daga ranar na koma saita ƙararrawa, na kuma koyi jan labule mai kauri tun ana ganin tafin hannu.

Garin kansa a kan tsibirai 14 yake, inda tafkin Mälaren ya haɗu da tekun Baltik, gadoji sama da 50 suka ɗinke shi. Ga Bakano wanda babban ruwan da ya sani shi ne Tiga, wannan kaɗai abin kallo ne. Tsohon gari, Gamla Stan, ya tuna min da lungunan cikin birni, har akwai wani lungu da faɗinsa bai wuce santimita 90 ba a matsewarsa. Kyau kam akwai, amma shagunan tsaraba sun cinye shi, rabin yini ya isa. Na leƙa ɗakin taron birni inda ake walimar kyautar Nobel kowace 10 ga Disamba, na tsaya a zauren da suke kira Shuɗi alhali jan bulo ne, ina tuna cewa a nan Wole Soyinka ya zauna a 1986. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ma an yi musu zane, wasu kamar kogo, tikitin shiga jirgi ya wadatar ka kalla.

Inda na daɗe shi ne gidan ajiye jirgin ruwan Vasa. Na shiga ba da wani ɗoki ba, sai ga wani baƙin dodo na katako a gabana cikin duhu-duhu, tsawonsa mita 69, jikinsa cike da sassaƙen zakuna da mayaƙa. Sarki Gustav Adolf ne ya sa aka ƙera shi, da igwa 64, don ya tsorata abokan gaba. Ranar 10 ga Agusta 1628 jama'a suka taru a bakin ruwa kallon tafiyarsa ta farko. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban kowa da mutane wajen 30. Sama ta yi masa nauyi, ƙasa ba ta da faɗi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne an sani. Kafin tafiyar an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan don gwaji, a zagaye na uku aka tsayar da su don jirgin na neman kifewa. Amma sarki na fagen yaƙi yana aiko da saƙon a gaggauta, wa zai ce masa kayan alfaharinsa ba ya tsayuwa? Aka kafa kwamitin bincike, magini ya riga ya rasu, ba a hukunta kowa ba. Na yi dariya ni kaɗai, don labarin bai yi min baƙunta ba ko kaɗan. Shekara 333 ya yi a cikin laka kafin a ciro shi a 1961, kuma kusan duk katakon na asali ne, saboda ruwan Baltik ba shi da gishirin da tsutsar cin katako ke so. Yau abin kunyar nan shi ne wurin da baƙi suka fi yi wa layi.

Batun abinci, kalma ɗaya na haddace: fläsk, wato naman alade. Ƙwallon naman nan da suke tinƙaho da shi sau da yawa haɗi ne na shanu da alade, don haka kifi na riƙe, sai shagunan Turkawa da Larabawa. Tsada kuwa, na daina lissafi da naira a kwana na biyu don kada hawan jini ya kama ni. Ruwan famfo kyauta ne kuma garau, gora ɗaya na yi ta cikawa. Al'adarsu ta fika, wato a ajiye aiki a zauna shan gahawa da burodin kirfa, ita ce ta fi kama da zaman mai shayi, sai dai babu musun ƙwallo.

Mutanen ba su da hayaniya. Na shiga jirgi na yi sallama irin tamu, kowa ya dubi takalminsa. Na ɗauka wulaƙanci ne, sai da na ɓata a tashar Slussen wata tsohuwa ta bar hanyarta ta raka ni har bakin jirgin ruwa, ba ta tambayi daga ina nake ba.

Kuskurena na ƙarshe shi ne ajiye sayayyar tsaraba sai Juma'a. Ta faɗo a jajiberin bikinsu na tsakiyar bazara, wanda ke zuwa tsakanin 19 da 25 ga Yuni. Gari ya watse kamar Kano ranar da 'yan kasuwa suka tafi ƙauye sallah, shaguna a rufe, kowa ya tafi karkara. A filin jirgi na sayi cakulan da tsada. Rigar gwanjo sau ɗaya na saka ta, a kan jirgin ruwa da iska ta taso, takardun Krona kuwa suna nan cikin fasfo ɗina, 'yar autata tana nuna wa ƙawayenta.