Katangar Fenway, wadda titi ya sa aka gina

Duk wanda ya taɓa sayen fili a Yamai ya tarar titi ya cinye masa kusurwa guda, zai gane labarin Fenway Park. Filin wasan besbol ne na ƙungiyar Red Sox a birnin Boston na Amurka. An buɗe shi ran 20 ga Afrilu 1912, kuma a babbar gasar ƙasar babu filin da ya girme shi.

Titin Lansdowne ne ya matse shi ta hagu. Daga inda mai sanda ke dukan ƙwallo zuwa iyakar hagu mita 94 ne kacal, ga shi ƙwallon da ya tsallake katanga ci ne kai tsaye. Tunda ba halin ja da baya, sai aka yi sama. Katangar farko ta katako ce, wajen mita 7 da rabi, ta kuma tare ƴan leƙe da ke kallon ɓagas daga rufin gidaje. A gindinta akwai tudu mai kusan mita 3, sai ɗan wasa ya haura shi a guje idonsa na sama.

Gobara ta cinye bencinan katako na wannan gefe a 1926. Tom Yawkey ya sayi ƙungiyar a 1933, ya sa aka baje tudun, aka ɗaga katanga ta kai mita 11.3 a 1934.

Kwano aka lulluɓa a kan ƙwarangwal na katako, kuma nan gizo ke saƙa. In ƙwallo ya daki saitin katako, sai ya dawo da ƙarfi. In ya sami tsakani inda kwano ba shi da majingina, sai ya faɗo a gindi kamar mangwaro. Ɗan gida ya san wannan, baƙo kuwa ya sha kunya. Sai a 1976 aka sauya kwanon da roba mai tauri. Koren fentin da ya sa ake ce mata "Koren Dodo" a 1947 aka shafa shi a kan allunan talla, shekarar da aka kafa fitilun wasan dare.

A 1936 aka ɗaura raga mai mita 7 a samanta don kare gilasan shagunan titin, aka kafa tsani na ɗauko ƙwallaye. An cire ragar da aka jera kujeru a wurin a 2003, amma tsanin na nan bai da aikin yi. Ƙwallon da ya dake shi ya kauce, wasa bai tsaya ba, sai dai a bi shi.