Yau na samo wa tumakina kare

Asabar, dare.

Yanzu na shigo gida, ƙarfe goma saura, jikina duk warin dabbobi da ƙurar hanyar Ikorodu, amma na ce ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau tun yana sabo a kaina.

Sati biyu ke nan da karnukan daji suka shiga min garke a 'yar gonata ta wajen Imota. Ba ma na daji ba ne sosai, irin karnukan nan ne marasa ubangida da ke yawo a bola, da dare sai su haɗa gungu. Suka kashe 'yan tumaki biyu, suka yage wa uwarsu cinya, har yau ɗingishi take. Kafin wannan kuma, ana saura kwana tara babbar sallah, an ɗauke min rago ɗaya ta bayan shinge. Yaron da ke kwana a wurin ban ga laifinsa ba, mutum ya wuni yana yankan ciyawa da ɗiban ruwa, idan ya kwanta ai sai ikon Allah. Tumaki goma sha huɗu ne suka rage da awaki shida da kaji, kuma wallahi duk abin da na tara a shekarun da na yi ina sayar da albasa a Mile 12 yana cikin fulotin nan biyu.

Da na fara maganar kare maiɗakina ta ce ita fa ba ta yarda ba, wai mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ban yi musu da ita ba, na bari sai bayan sallar asuba jiya na tari malaminmu a masallacin unguwa nan Agege. Ya ce min, Alhaji ai wannan a bayyane yake, hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce wanda ya ajiye kare ladansa na raguwa kullum, sai dai karen farauta ko na kiwo ko na gona, kai kuma naka na kiwo ne da gona a haɗe, kuma ba cikin gida za ka kawo shi ba. Da na faɗa mata haka hankalinta ya kwanta, sharaɗinta ɗaya, kar ya taka ƙofar gidanmu.

To da safe na ari motar ƙanina na fita. Wuri na farko wani mai kiwon karnuka ne da na gani a Instagram, muka yi magana ta WhatsApp ya turo min bidiyo. Gaskiya mutumin ya karɓe ni da mutunci, ya zagaya da ni kejikansa. Akwai Boerboel, ɗan asalin Afirka ta Kudu, kai kamar na ɗan maraƙi. Akwai wanda suke kira Kokeshiyan, mai gashi buzu-buzu, wanda asalinsa can duwatsun Kokasus ne inda ake ƙanƙara, kuma a can ɗin aikinsa ke nan gadin tumaki daga kyarkeci. Amma wanda na gani yau yana kwance kan tayil, an kunna masa fanka, harshe a waje yana haki kamar zai shiɗe, ƙarfe goma na safe fa. Na tsaya ina kallonsa tausayinsa ya kama ni, na tuna gonata ba wuta ba fanka, ga zafin Legas mai danƙo ga kaska a cikin ciyawa, wannan gashin ai gidan kaska zai zama. Na tambaye shi ko karnukan nan sun taɓa ganin tunkiya, ya ce a'a, a keji aka haife su a keji suka tashi. Kuɗin da ya faɗa ya kai na manyan raguna biyu, ban da abincin buhu da ya ce dole shi za su ci. Na yi masa godiya na fito.

A cikin mota na kira Kawu, wanda ya fi shekara talatin yana harkar shanu a kasuwar Kara da ke bakin doguwar gada bayan Baja. Ya ce in zo. Na same shi a rumfa yana shan fura, na gaishe shi na zauna na kwashe labari na gaya masa. Ya yi shiru sannan ya ce, ɗana, kai mai gadin ƙofa kake nema ko ɗan garke? Na ce Kawu mene ne bambancin. Ya ce mai gadin ƙofa mutum ya sani, zai yi haushi ya ciji baƙo, amma ranar da ya kwance tunkiyarka ma nama ce a wurinsa. Ɗan garke kuwa tun idonsa bai gama buɗewa ba warin tumaki ya shaƙa, shi a ganinsa 'yan uwansa ne. Nan take ya ɗaga waya ya kira wani dattijo Bafulatani da ke da ruga a wajen Ogijo, ya ce karyarsa ta haihu wata biyu da suka wuce.

Hanya ba sai na faɗa ba, Ojota, Ketu, Mile 12, goslo har muka shiga Ikorodu, daga nan na ɗauki hanyar Shagamu da manyan motocinta. Azahar a hanya na yi ta, sai wajen biyu da rabi na isa.

Dattijon ya fito da malafarsa, na ce Baffa sannu da gida, ya ce maraba da baƙon Alhaji, aka kawo min nono a ƙwarya. Bai yi saurin kai ni wurin karnukan ba, sai da ya tambaye ni tumaki nawa, akwai shinge ko babu, wa ke kwana a wurin, akwai maƙwabta masu yara ko babu. Sannan muka zagaya baya. Karyar doguwa ce siririya, ja, mai gajeren gashi, ƙirarta ta tuna min da karnukan Buzaye na yankin Azawak. Tana kwance a tsakiyar tumaki da 'ya'yanta biyar, ta ɗago kai ta yi min gurnani ƙasa-ƙasa, Baffa ya yi mata magana da Fillanci ta mayar da kai.

Biyu daga cikin 'yan kwikwiyon suka rugo wurina suna kaɗa jela suna jan bakin wandona, ni kuwa har na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya sai Baffa ya ce a'a, wannan mai son mutane ne, zai bar maka garke ya bi duk wanda ya yi masa fito. Wani kuma yana can yana korar kaza, ya ce shi ma bar shi. Ya nuna min wani baƙi mai farin ƙirji da ke kwance jikin bangon kara. Ina kallo wani ɗan tunkiya ya zo ya tsallake shi har ya taka masa jela, bai ko tashi ba, sai ya ɗago ya lashi bakin ɗan tunkiyar ya koma ya kwanta, amma idonsa na kaina tun da na shigo, bai ɗauke ba. Baffa ya ce wannan ne naka.

Sai ya shiga yi min karatu. Kar in kai shi gida ko na kwana ɗaya, kar yara su mayar da shi abin wasa, a cikin garke zai ci a cikin garke zai kwana, amma a yi masa ɗan lungu da waya inda zai fake don uwayen tumaki na tunkuyi. Idan aka ga ya fara bin ɗan tunkiya da gudu ko yana cizon kunnensa da sunan wasa a tsawata masa nan take, kar a bari ya kwana da halin. Kar a taɓa ba shi mushen tunkiya ko na kaza. Kuma in cire rai da cewa gobe zai kori ɓarawo, sai ya haura shekara kafin a dogara da shi, kafin nan a gyara shinge. Abin da ya ba ni mamaki, kusan haka na gani a wani bidiyo game da ƙasar Namibiya, inda tun 1994 ake raba wa makiyaya 'yan kwikwiyon karnukan Turkiyya, irin su Kangal, a sa su cikin awaki tun suna ƙanana don su tsare su daga damisar nan mai gudu da ake kira cita. Baffa bai taɓa ganin bidiyon ba, daga mahaifinsa ya koya.

Da na tambayi kuɗi ya girgiza kai, ya ce shi ba ya cin kuɗin kare, an hana. Na rasa yadda zan yi, sai na koma bakin titi na sayo buhun dusa da kanwa na dabbobinsa da goro, wannan ya karɓa ya sa min albarka.

A Ikorodu na tsaya wurin likitan dabbobi, saura kaɗan ya rufe. Ya ba shi maganin tsutsa, ya yi masa allurar farko ta ciwon nan na amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, ya buɗe masa kati. Ta haukan kare ya ce sai ya cika wata uku in dawo da shi, kuma ya ja min kunne sosai, ya ce ciwon idan ya bayyana a jikin mutum ba a tashi, duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti goma sha biyar ya wuce asibiti. Da ya tambayi sunan da zai rubuta a kati na ce Duna.

Ana kiran magariba muka isa gona. Muka haɗa masa lungu da ragowar waya da tsohon buhu, aka dama masa tuwo da romon ƙashi ya cinye tas. Tumakin suka taru gefe guda suna buga ƙafa suna kallonsa, musamman wadda aka yage wa cinya, ita ko kusa ta ƙi zuwa. Na daɗe a tsaye kafin na iya tafiya.

Ina Ketu yaron ya kira, ya ce Oga kuka yake ta yi, in ɗauko shi in kai ɗaki? Na ce kar ka kuskura, uwarsa yake nema, ka bar shi. Ɗazu da na shigo gida na sake kiransa, ya ce ya yi shiru, wata tsohuwar akuya ta je ta kwanta jikin wayar, shi kuma ya manne da ita ta ciki yana barci. Gobe in Allah ya kai mu zan sayi waya rol biyu in koma da wuri, ɓangaren shingen da ke kallon rafi shi ne za mu fara ɗaurewa.