D7 a Kemistiri: Yadda Na Zaɓi Hanyata a Fannin Lafiya

Ranar da sakamakon jarrabawarmu ta WAEC ya fito, ni da wani abokina muka je shagon kwamfuta da ke bakin kasuwa, muka sayi katin dubawa, aka buga mana takardunmu. Na sami kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji, na kuma yi kyau a Hausa da Ilmin Addinin Musulunci, amma a gaban Kemistiri an rubuta D7, a gaban Fizik kuma E8. Na naɗe takardar na cusa a aljihu, ban shiga gida ba sai bayan sallar isha'i, domin tun ina ƙaramar sakandare Baba yake kirana likita a gaban baƙi, kuma duk dangi sun san cewa ni ne aka ware wa wannan karatu. Da na miƙa masa takardar, ya daɗe yana haska ta da tocila, sannan ya ninke ta ya ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Yanzu mene ne abin yi?" Ba ni da amsar da zan ba shi a daren, kuma sai da na shafe kusan shekara biyu kafin na same ta.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, makin WAEC da NECO yana farawa daga A1 ya gangaro zuwa F9, kuma kiredit yana tsayawa ne a C6. Wanda ya sami D7 ko E8 bai faɗi warwas ba a takarda, amma a wajen neman gurbin karatun lafiya da shi da wanda ya faɗi duk ɗaya ne. Tunanin farko da ya zo mini shi ne irin wanda yake zuwa wa yawancinmu, wato tunda likitanci ya kuɓuce, sai in gangara zuwa makarantar koyon aikin jinya ko kwalejin kiwon lafiya, inda nake zaton ba a tsananta sharaɗi. Da na karanta takardun neman shiga, sai na tarar su ma kiredit biyar ɗin nan suke nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik. Sassaucin da na gani kawai shi ne da yawa daga cikinsu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, alhali tsangayoyin likitanci da dama suna so a kawo su a zama ɗaya. Saboda haka duk ƙofar da na nufa a fannin lafiya, sai na koma na gyara darussan nan biyu tukuna.

A nan ne wasu abokai suka ba ni shawarar in yi rajista a irin makarantun nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata ga hakan, har na fara tara kuɗin. Wanda ya tare ni shi ne Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya yi aikin malamin asibiti a ƙauyuka har ya yi ritaya. Bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya ce, "Ɗana, takarda za ta shigar da kai makaranta, amma ba za ta auna wa jariri magani ba. Ni abin da nake so ka gaya mini shi ne, ba a koya maka ba ne ka faɗi, ko kuwa an koya maka ne kanka ya ƙi ɗauka?"

Na yi kwanaki ina juya wannan tambaya, kuma har yau ita nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini irin wannan sakamako. Da na duba baya da gaskiya, na ga laifin ya rabu biyu. A makarantarmu mun yi shekara guda cur ba mu da tsayayyen malamin Fizik, sai masu yi wa ƙasa hidima da suke zuwa su tafi. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa kullum a kulle yake, kuma ban taɓa riƙe bututun gilashin da ake ɗiga sinadari da shi ba sai ana saura mako biyu jarrabawar gwaji. Na tuna yadda muka yi cincirindo mu fiye da hamsin a kan teburi ɗaya, malami yana ɗiga asid a cikin kwalba har ruwan ya juya daga rawaya zuwa ja-ja, mu da ke baya sai labarin canjin launin muka ji. Ɗaya rabin laifin kuma nawa ne, domin na ɗauki Kemistiri kamar darasin hadda. Na haddace ma'anoni da sunayen sinadarai, amma idan aka ba ni lissafin yawan sinadarin da ke narke a cikin ruwa aka sauya lamba ɗaya, sai in rasa ta inda zan kama.

Na yi rajistar jarrabawar NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi a ƙarshen shekara, na kuma sami wani malami a unguwarmu da yake koyar da mu mu shida bayan la'asar. Ya mayar da ni littafin aji ɗaya na babbar sakandare, ya hana ni taɓa tsofaffin tambayoyin jarrabawa har sai da na iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai ba tare da duba littafi ba. Cikin wata huɗu Kemistiri ya buɗe mini, har na fara jin daɗinsa. Fizik kuwa na sha wuya a kansa daga farko har ƙarshe, duk da malami ɗaya ne kuma ƙoƙarin ɗaya ne. Sakamako ya fito da C4 a Kemistiri da C6 a Fizik, kuma wannan bambanci ya amsa tambayar Kawu fiye da yadda zan iya amsa ta da baki: a ɗaya darasin rashin koyarwa ne ya kayar da ni, a ɗayan kuma akwai iyakar da ya kamata in san da ita.

Duk da haka ban saki likitanci nan take ba. Na rubuta JAMB sau biyu, jarrabawar neman shiga jami'a da ake yi a kan maki 400 cikin darussa huɗu, na sami 203 a karon farko da 221 a na biyu. Wannan maki yana iya ba mutum gurbi a kwasa-kwasai da yawa, amma ya yi nisa da abin da ake fafatawa da shi a likitanci a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, Bayero da ke Kano, Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko Jami'ar Maiduguri. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: hukumar da ke kula da likitoci ta ƙasa tana ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuma sun ninka guraben sau da yawa. An ba ni shawarar IJMB, shirin share fage na kusan shekara guda da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, wanda ke kai mutum aji biyu kai tsaye idan ya ci da kyau. Hanya ce mai kyau ga wanda tushensa yake da ƙarfi, amma darussan kimiyyar nan ne dai a mataki mafi zurfi, kuma na san yadda na sami C6 ɗina.

Shawarar da ta fi yawa, wadda kuma nake ganin ta fi cutar da yara, ita ce a karɓi kowane kwas na kimiyya da aka samu, da niyyar a sauya zuwa likitanci bayan shekara ɗaya. Na san mutane da dama da suka shiga da wannan niyya, kuma ƙalilan ne ƙwarai suka tsallaka. Sauran sun kammala digiri a fannin da ba su taɓa so ba, suna karatu da rabin zuciya, suka fito da sakamako mai rauni. Kwasa-kwasan kansu ba su da aibi, kuma wanda ya shige su don yana son su yana cin moriyarsu. Abin da ba a gaya wa yaro shi ne ko ya samu ya shiga likitanci, shekara shida ce a gabansa, shekarar farko galibi Fizik da Kemistiri da Bayoloji ne, sannan ga babbar jarrabawar ilmin sassan jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, wadda ake sallamar ɗalibi idan ya yi ta faɗuwa a kanta.

Abin da ya yanke mini hukunci a ƙarshe wata uku ne da na yi a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, inda Kawu ya roƙi wata tsohuwar abokiyar aikinsa ta bar ni in riƙa taya su rubuta kati da jera masu jira. Babu likita a wurin. Ita da ma'aikata biyu ne suke awon ciki, suke rigakafi, suke gwajin zazzaɓin cizon sauro da ɗigon jini daga yatsa. Kowace safiya kafin ta zauna sai ta buɗe firjin allurai ta duba ma'aunin sanyi ta rubuta, domin dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, in ba haka ba allurar ta lalace ko da idonka bai ga alama ba. Wata ranar Talata wata mata ta zo da goyo daga wani ƙauye mai nisa, ta ce yaron gudawa yake yi kuma ya ƙi nono. Hajiya, kamar yadda kowa ke kiranta, ta zare ɗan tef ɗin awo mai launi uku ta naɗa a damtsen yaron, ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Ta danna ƙafafunsa da babban yatsa ta ga ramin bai taso ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zargi uwar ba. Ta ce, "Baiwar Allah, wannan ya fi ƙarfin nan, yau za ku kwana a babban asibiti," ta rubuta takardar turawa, ta aika aka nemo mai babur, ta kuma tsaya a bakin ƙofa har suka tashi. Bayan mako shida matar ta dawo da yaron yana zaune da kansa a cinyarta.

A ranar na gane cewa abin da nake kira son likitanci tun ina yaro abu biyu ne a cakuɗe, wato son sunan da farar rigar, da kuma son aikin. Aikin da ya kama zuciyata shi ne wanda na gani a hannun Hajiya, kuma hanyarsa ba ta bi ta makin da na kasa samu ba. Na nemi shiga kwalejin kimiyyar lafiya ta jiharmu, na karanta kiwon lafiyar al'umma na shekara uku, na rubuta jarrabawar hukumar da ke yi wa ma'aikatan wannan fanni rajista, na karɓi lasisi. Sai a aji na san cewa wannan aiki yana da tarihi: taron Alma-Ata na 1978 ne ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a matsayin ginshiƙi, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya dage a kan a kai shi kowace ƙaramar hukuma a Najeriya. Lokacin da aka ayyana ƙasar nan ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna a watan Agusta na 2020, na san irin ƙafafun da suka taka gida-gida kafin a kai ga wannan rana.

Kemistirin da na koma na gyara kuwa kullum yana gabana. Maganin yara da nauyinsu ake auna shi, kuma wanda bai iya lissafin miligiram a kan kowane kilo ba, ko bai fahimci abin da ake nufi da tsarma sinadarin wanke kayan aiki ba, hatsari ne ga mutanen da suka amince da shi. Da na sayi kiredit ɗin nan da kuɗi, da yanzu ina tsaye a gaban uwa da jaririnta ina kirdado.

Wannan hanya tana da nata ɗacin, kuma rashin adalci ne in ɓoye shi. Albashin bai kai na likita ko na nas ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda muka gama tare sun yi shekaru suna aikin sa-kai kafin a ɗauke su, wasu har yanzu suna jira. Makarantun kuɗi na kiwon lafiya sun yi yawa a garuruwanmu, kuma ba dukkansu ne hukumomin da ke ba da lasisi suka amince da su ba, saboda haka kafin uba ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin makaranta, ya wajaba a tabbatar cewa an amince da makarantar da kuma ainihin kwas ɗin da za a karanta. Akwai kuma jarrabawar da ba a rubuta ta a takarda: a ƙauye kowa likita yake kiranka, kuma idan ba ka yi hattara ba sai ka fara yarda, ka riƙe mara lafiyar da ya kamata ka tura gaba. Muna da littafin ƙa'idojin aiki da ya nuna inda hannunmu ya tsaya, kuma na ga illar da ake yi idan aka tsallake shi.

Baba ya ɗauki lokaci kafin ya saki jiki da zaɓina, kuma ban ga laifinsa ba, domin shekaru ya yi yana gina wannan buri. Abin ya sauya ne a wata damina da ƙanwata ta kawo ɗanta cikin dare jikinsa ya yi zafi rau, na yi masa gwaji, na auna nauyinsa, na ba shi magani, na kuma zauna da su har gari ya waye. Yanzu ina shirin neman gurbin ƙarin karatu na jami'in kiwon lafiyar al'umma, wanda ake yi a asibitocin koyarwa, kuma Baba ne yake tuna mini in riƙa bibiyar lokacin da za a fara sayar da fom. Ƙaramin ƙanenmu kuma yana aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, ya ce harhaɗa magunguna yake so ya karanta. Na duba littafinsa na Kemistiri na ga alamun irin haddar da na yi, saboda haka duk ranar Asabar da ba ni da aiki muna zama a zaure mu yi lissafin sinadarai, kuma na riga na yi magana da wani mai kantin magani mai lasisi a garinmu domin ya je ya zauna da shi a hutun ƙarshen zango ya ga yadda aikin yake.