Kuɗin tallafi da katin awo: darussan da na koya

Na yi aiki a wani shirin ba iyaye mata kuɗin tallafi a Zamfara. Shugabanmu na wancan lokaci, ba sai na kama suna ba. Dokarsa ɗaya ce: duk uwar da ba a sa hannu a katin awon ɗanta ba a watan, a cire ta daga jerin biya. A takarda abin gwanin sha'awa, wai an ɗaure kuɗi da asibiti. Amma a ƙauyukan da muke bi, ɗakin shan magani kan yi makonni a rufe, ma'aikacin ya tsere saboda 'yan bindiga, shi ma ransa yake so. Uwa ta goyo ɗa tun asuba, ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ƙarshen wata kuma mu ce laifinta ne.

Wata baiwar Allah ta zo ranar biya, ba sunanta a jeri. Na naɗa wa ɗanta zaren awon dantse, ya tsaya a ja, tamowa ta riga ta ci jikinsa. Ko faɗa ba ta yi ba. "Malam, to wa zai sa mini hannun?" abin da ta ce ke nan. Na kai maganar sama a rubuce. Aka ce ina ɓata alƙaluman rahoto, aka ɗauke ni daga fili aka ajiye ni a ofis.

Abin da ke ci mini rai, a Zamfarar nan muka ga wata hanyar. Shirin CDGP, na tallafin kuɗi don rainon yara, da ƙungiyar Save the Children ta gudanar a Anka da Tsafe, a lokacin yana biyan mai ciki naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara 2, ba sharaɗin kati, sai faɗakarwa kan shayarwa da abincin yara. Kuɗin ai shi ne na babur zuwa asibiti, shi ne na waken suya da gyaɗar kunu. Ka hana shi, ka hana zuwa awon da kake nema.

Sauran darussan ba su da tsawo. A haɗa ranar biya da ranar rigakafi, wuri ɗaya. A fara shawo kan maigida, don in ba da izininsa ba, babu fita. Ungozoma ta fi rajistarmu sanin mai ciki.

Wanda ya gaji kujerata, kafin ka soke sunan uwa, je ka duba ko asibitin a buɗe yake. Shi wanda ya kafa dokar ban taɓa ganinsa a ƙauyukan nan ba, kuma na ji an ƙara masa girma.