Wa ke yi maka jagora a Ingila?

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na Kano da kewaye. Ya iyali, ya zafi? Na yi niyyar ba ku labarin sanyi da abinci da yadda azumi yake a nan Manchesta, amma tambaya ɗaya ta cika saƙonninku: "Malam, wa ke yi maka jagora?" Hajiyarmu ma duk wayar da za mu yi sai ta maimaita ta. Babu kowa. Duk da ni makaho ne, ni da farar sandata ne kawai, kuma wannan wasiƙar da hannuna na buga ta.

Bakin kusan kowace mashigar titi an shimfiɗa dakali mai ƙuraje-ƙuraje, ƙafa na takawa ka san kwalta ce a gabanka. Wani Bajapane, Seiichi Miyake, ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967. A ƙarƙashin akwatin da ake dannawa a jikin danja akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini; ka ɗora yatsa, in ya fara juyawa to lokacin tsallakawa ya yi. Ranar da aka fara nuna mini shi sai da na tsallaka titin sau uku. Takardun kuɗinsu ma suna da ɗige-ɗigen da ake shafawa: fam 10 rukuni biyu, fam 20 uku, fam 50 huɗu, fam 5 babu. Ba na miƙa wa kowa kuɗina ya gaya mini nawa ne.

Sai dai kada ku zaci a faranti ake miƙo komai. Da na nemi tallafin kayan aiki, wani ofishi ya aiko mini da fom ta gidan waya, bugu a takarda, shafi sama da talatin. Makaho fa! Na buga musu waya na ce ba na gani, aka ce za a aiko wanda kwamfuta za ta iya karantawa, sai ga wata takardar ta sake zuwa. Dole na nemi wani ɗan uwa daga masallacinmu ya zauna ya karanta mini, tambaya bayan tambaya: kana iya girki? Kana iya wanka kai kaɗai? Sau nawa ka ƙone? Mu da aka tarbiyyantar da cewa "Alhamdulillahi" ko ana cikin wani hali, sai ga shi ana so ka zayyana ranarka mafi muni, a gaban mutumin da kuke haɗa sahu. In ka ce lafiya lau, ka rasa tallafin. Wata huɗu ina jira, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Amma da ma'aikaciyar da aka turo mini ta zo, ba ta tambaye ni wanda zai kula da ni ba. Cewa ta yi, me kake so ka riƙa yi da kanka? Ta shafe makonni tana bi na a baya har na haddace hanyar tasha da kasuwa da masallaci. Dokarsu ta daidaito ta 2010 ce ta wajabta wa makarantu da wuraren aiki su gyara tsarinsu saboda irinmu. Mu ma muna da tamu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara. Wa'adin ya wuce. Ku duba bankin unguwarku ku gaya mini.

Abin da na fi amfani da shi kullum kuwa yana aljihunku. Wayar Android tana da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, suna karanta duk abin da yatsa ya taɓa, ba ko sisi. A kwamfuta akwai NVDA, wadda makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006, ita ma kyauta. Be My Eyes kuma tana haɗa ka da mai sa kai ta bidiyo ya duba maka kwalin magani. Muryar Turanci tana karkata Hausa, gaskiya ne, amma kunne yana sabawa. Don Allah ku daina turo mini hoton rubutu. Ku rubuta, ko ku yi magana.

Ɗan yayana ya shafe shekara biyu yana riƙe da sandata a gida, tsararrakinsa suna aji. Duk lokacin da ƙarfen nan ya juya a yatsana shi nake tunawa. In kuna da makaho a gida, a kunna masa TalkBack, a zauna da shi sati guda ya koya, yaron da ke yi masa jagora ya koma makaranta.

Sanyi yana nan, ƙanƙara tana ɓoye wa sanda bakin hanya. Maganar abinci da azumi sai wani jiƙon. A gaya wa Hajiya yajin ya iso.

Wassalam, naku a Manchesta.