Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. A madadin iyalanmu baki ɗaya, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki, masu kira, masu zuwa dubiya da masu addu'a daga nesa, tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifinmu, hannunsa na dama ya daina motsi. Alhamdu lillahi an sallame shi, yana gida.

Godiya ta musamman ga likitar ƙwaƙwalwa da ma'aikatanta da suka yi masa gwajin maganaɗisu, wato TMS. Da aka ambata shi hankalinmu ya tashi, amma baiwar Allahn nan ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Sai da ta tabbatar ba shi da farfaɗiya, babu ƙarfe a kansa, babu na'urar daidaita bugun zuciya. Sannan aka toshe masa kunnuwa saboda ƙara, aka manna 'yan wayoyi a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, aka ɗora wata na'ura mai siffar lamba 8 a gefen hagu na kansa, tunda hagun ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hannun dama. Duk sanda ta yi ƙas, maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai ke nan, ya tada jijiyoyin motsi, saƙon ya isa hannu cikin kusan milisakan 20, wato kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Babu yanka, babu allurar barci.

Abin da suke nema shi ne mafi ƙarancin ƙarfin da zai sa tsoka ta amsa sau 5 cikin 10. Da aka gwada hannun lafiya, bai ɓata lokaci ba. Na dama kuwa shiru, ana ta ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, Baba na ta salati. Can sai layin da ke kan allo ya zabura, manuninsa ya ɗan motsa. Likitar ta ce hanyar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu ba ta yanke ba, alama ce mai kyau, amma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Wannan gaskiyar tata ta ƙara mata daraja a idona.

Har Anthony Barker da abokan aikinsa na Sheffield a Ingila, da suka fito da na'urar TMS a 1985, sun cancanci godiyarmu.

Masu gashin ƙashi, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara haƙuri. Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai yamma, da safe yake atisayen hannu kuma yana saurin gajiya. A ci gaba da sa shi a addu'a.