Neman ƙ a cikin rubutu

Duk mai koyon rubuta manhaja, tun a darussan farko ake nuna masa yadda zai nemo harafi a cikin rubutu. A yaren manhaja na Python ka rubuta "baƙo".find("o"), ta ba ka 3, tunda daga sifili ake fara ƙirga. In harafin ba ya nan, ta ce -1. Shi ke nan.

Ni kuwa da yaren PHP nake yawancin aikina, rajistar sunayen ɗalibai nake haɗa wa makarantu, kuma a can maganar ba ta ƙarewa nan da nan. Ka miƙa wa strpos, mai neman harafi a PHP, wannan kalmar ka ce ta nemo "o", sai ta ce maka 4. Ba ƙarya ta yi ba. Ba haruffa take ƙirgawa ba, bayit take ƙirgawa, wato ƙaramin ma'aunin ajiyar kwamfuta, kuma a tsarin ajiye haruffa na UTF-8 ƙ bayit biyu take ci, C6 da 99. Haka ɓ da ɗ da ƴ. Wanda ke son matsayin harafin na ainihi sai ya koma ga mb_strpos. A yaren C ma strchr, mai neman harafi a can, bayit ɗaya tak take nema, don haka ƙ ta fi ƙarfinta, sai dai strstr, mai neman jerin bayit.

Akwai kuma tsohon tarkon nan: in harafin ne a farko, strpos ta dawo da 0, PHP kuma ta ɗauki 0 daidai da "babu" a cikin sharaɗin if. Dole ka rubuta !== false don a bambanta 0 da "babu". Sai a 2020 PHP 8 ta kawo str_contains, mai cewa akwai ko babu kawai, aka huta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne alamar nan ta cikin Sa'adatu da Mas'ud. A ido ɗaya ce, a kwamfuta uku ce, kowace da lambarta: U+0027 da ake bugawa kai tsaye, U+2019 da Word ke saka wa mutum ba tare da ya roƙa ba, da U+02BC. Malami ya nemi ɗalibarsa, allo ya ce babu ita, alhali tana zaune gabansa. Ga 'y ɗinmu da a Nijar ake rubutawa ƴ, ga masu buga Danladi a madadin Ɗanladi saboda wayarsu ba ta da ƙugiya.

Wasu kan share ƙugiyoyin gaba ɗaya su huta. Ban yarda da wannan ba, sunan mutum ne. Nakan ajiye sunan yadda mai shi ya rubuta, in yi masa kwafi na biyu da ƙananan haruffa, ba ƙugiya, ba alama. Abin da malami ya buga shi ma a wanke shi haka, sannan a nema a cikin kwafin.